Ƙirƙirarriyar Basira da Amanar Karatun 'Ya'yanmu

'Yan'uwa malamai da iyaye, tun daga watan Nuwamba na 2022, lokacin da aka fito da ChatGPT, ɗalibin da ke Jami'ar Bayero ko jami'ar Wudil yana iya samun cikakken rubutun jinga a wayarsa kafin ya gama shan kofin shayi. 'Ya'yanmu na cikinsu, waɗanda aka sayar da gero da gyaɗa don biyan kuɗin rajistarsu. Wasunsu gobe za su dawo makarantun Minjibir da Kunya su riƙe alli. Saboda haka maganar ta shafe mu.

Ba ma goyon bayan a haramta wannan fasaha. Ɗalibin da laccar Turanci ta shige masa duhu yana iya neman manhajar ta sauƙaƙa masa bayani, ko ta yi masa tambayoyin gwaji kafin jarrabawa. Wannan alheri ne. Amma a ƙasar masaƙa muke: ba laifi masaƙi ya sayo zare a kasuwa, laifin shi ne ya sayo zane gamamme ya ce shi ya saƙa.

Ya kamata a san yadda abin yake aiki. Manhajar tana hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo wata ne, ba ta tantance gaskiya, shi ya sa takan ƙago sunan littafin da ba a taɓa rubutawa ba. A 2023 wata kotu a New York ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun gabatar mata da shari'o'in ƙarya da ChatGPT ya ƙirƙira. In lauya ya faɗa wannan rami, ina ga ɗan aji ɗaya?

Sharuɗɗa uku muke ba 'ya'yanmu. Su fara karantawa su rubuta nasu kafin su tambayi na'ura. Su bi kowane suna da shekara zuwa littafin asali. Su faɗa wa malaminsu inda suka yi amfani da ita. Abin da ɗalibi ba zai iya karewa da bakinsa a gaban malami ba, kada ya sa masa sunansa; kayan aro ba ya rufe katara.

Mu ma da namu nauyin. Yaron da ya saba kwafe allo ba tare da an tambaye shi dalili ba, shi ne zai kwafe waya a jami'a. Mu dawo da rubutun insha'i a cikin aji, mu riƙa tsayar da yaro ya bayyana amsarsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma a hannunmu yake ɗanye.