"Wannan duk naki ne?"

A unguwar Domayo ta Marwa, budurwa mai dogon gashi takan zauna gaban makitsiya, sai wata baƙuwa ta dube ta ta ce, "Wannan duk naki ne?" Yabo ne, ko zargin ƙarin gashin kanti, ko kuwa kambun baka? Mu dai a ganinmu amsa ɗaya ta wadatar: "Baiwar Allah ce, Hajiya, tubarkalla." In yabo ne, an karɓa. In zolaya ce, ta mutu nan take. In baki ake tsoro, an ambaci Allah. Maƙwabtanmu Fulani na kiran wannan hali munyal da semteende, wato haƙuri da kunya. Wadda ta kyautata wa baƙuwa zato, mutuncinta ta tsare.