Sharhi: Kafin ruwan madatsun Katsina ya yi kore

Duk lokacin da aka tayar da zancen ruwan sha a Jihar Katsina, magana takan tsaya ne a kan bututu da injinan turo ruwa da kuɗin kwangila. Da wuya a ji an tambayi abin da ke rayuwa a cikin ruwan tun kafin a tace shi. Alhali tambayar ta shafi mai buɗe famfo a birnin Katsina kamar yadda ta shafi mai ɗibar ruwa a tabki a Tsaskiya da sauran ƙauyukan Safana da Batsari.

A cikin kowane ruwa mai kwanciya akwai ƙananan halittu masu yawo da ido ba ya gani sosai, waɗanda masana ke kira falankton. Wasu dangin tsiro ne kamar gansakuka, wasu kuma ƙananan ƙwari ne masu cin su. Su ne abincin 'ya'yan kifi, don haka masuncin Zobe da na Jibiya da su yake cin abinci ko bai sani ba. Matsala takan taso ne idan suka yi yawa fiye da kima, ko kuma miyagun cikinsu suka rinjayi na kirki.

Mutanen ƙasar nan sun taɓa ɗanɗana wannan. Kurkunu da ya riƙa kwantar da manoma a tsakiyar damina, wani ɗan ƙwaron falankton ne ke ɗauke da tsutsarsa a ruwan tabki. A 1988 an ƙidaya masu cutar fiye da 650,000 a Najeriya. Da tace ruwa da ƙyalle, da haƙa rijiyoyi, da sa ido ƙauye-ƙauye aka ci ƙarfinta, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2013 cewa ƙasar ta rabu da ita.

Barazanar yanzu daban take. Takin zamani da ruwan sama ke wankowa daga gonaki, da kashin shanu a mashaya, da sabulun wanki, duk abinci ne ga wani nau'in gansakuka mai launin kore da shuɗi. Yakan fi bunƙasa a lungunan madatsa inda kogi ke shigowa, inda ruwa ba shi da zurfi kuma ba ya gudu. Da damina laka takan tare hasken rana ta rage masa ƙarfi. Amma daga Maris zuwa Mayu, idan ruwa ya ja baya, ya kwanta, ya yi ɗumi, sai ya samu yadda yake so. Da dare yakan zuƙe iskar da kifi ke shaƙa, shi ya sa mutuwar kifi ta fi aukuwa da asuba. Wasu irinsa kuma suna fitar da guba mai lahanta hanta, wadda ƙyalle ba ya tarewa, tafasawa ba ta kashewa.

Wasu ƙasashen sun gani a jikinsu. A 1996 a garin Caruaru na Brazil, marasa lafiya fiye da 50 da ake yi wa wankin ƙoda sun rasu saboda ruwan wata madatsa mai wannan guba. A watan Agustan 2014 an hana kimanin mutum 400,000 a birnin Toledo na Amurka shan ruwan famfo na kusan kwana uku. A 2020 hukumomin Botswana sun danganta mutuwar giwaye fiye da 300 da ita. Mizanin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne kada gubar ta wuce maikirogiram 1 a lita ɗaya ta ruwan da ake sha kullum.

Madatsar Zobe da ke kan kogin Karaduwa kusa da Dutsin-Ma an kammala ta tun 1983, amma sai a 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe kashin farko na aikin ruwan shanta. Yau ana son ruwa guda ya shayar da birane, ya yi noman rani, ya ciyar da kifi. Kowane buhun taki da ya ƙaru a bakin madatsa ƙarin nauyi ne ga matatar ruwa, kuma a ƙarshe gwamnati da mai biyan kuɗin famfo ne za su ɗauka. A ƙauyukan da ke bakin dajin Rugu kuwa babu matata. Inda rashin tsaro ya hana zuwa mashaya mai nisa, mutane da dabbobi kan taru a tabki guda, abin da ke gaggauta lalacewarsa.

Rigakafin bai kai ko kusa da kuɗin bututu ba. Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, tana maƙwabtaka da Zobe. Ya kamata Hukumar Ruwa ta Jihar Katsina da Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima su haɗa kai da ita a riƙa ɗibar samfur kowane wata, kowane mako kuma a bazara, ba a bakin matata kaɗai ba har da lungunan Zobe da Jibiya da Ajiwa. A riƙa sanar da sakamakon a rediyo da Hausa. A bar tazarar ciyawa tsakanin gonakin rani da gaɓar ruwa, a kuma ware wa dabbobi mashaya daban da wurin ɗibar ruwan sha.

Masunta da makiyaya ne ke fara ganin ruwa ya sauya launi ko ya yi wari. Kamar yadda aka yi a yaƙin kurkunu, a samar musu wanda za su kai wa rahoto ta hannun masu unguwanni da dagatai, a kuma tanadi kuɗin aunawar a kasafin jiha kafin bazara mai zuwa.