Kafin mu sayi injin daddatsa kara, mu duba gonakinmu

Ƴan'uwa manoma, a wasu ƙungiyoyinmu na Magaria da Dungas ana ta shawarar a haɗa kuɗi a sayo injin daddatsa kara, irin wanda ake ɗaurawa a bayan tarakta. Mu dai a namu gani, kada a yi gaggawa.

Ga yadda injin yake. A cikinsa akwai gangar ƙarfe, an rataya mata wuƙaƙe masu yawa. Wata sandar ƙarfe daga bayan tarakta ita ke juya ta. Sandar tana juyi 540 a minti ɗaya. Duk abin da injin ya bi ta kansa, sai ya mai da shi guntu-guntu ya bar shi a ƙasa.

Amfaninsa ba a musu. Karan da ya kwanta a gona yana tare rairayi lokacin iska, gara kuma ta mai da shi taki. Tsutsar da ke huda karan hatsi a cikin busasshen kara take yin rani. Idan an daddatsa karan, da yawansu za su mutu.

To, amma injin ba shi da ido. Bai san kara ba, bai san ɗan gawo ba. Tun shekarun 1980 manoman ƙasar nan suke barin ƴan itatuwa su tashi a gona. Wani bincike na shekarar 2006 ya ƙiyasta cewa gonaki kusan ekta miliyan 1 sun sake samun itace a Magaria da Matamai da Mirya. A lokacin Dungas tana cikin Magaria, sai a 2011 aka raba su. A 2020 gwamnati ta fitar da doka mai ba manomi iko a kan itacen da ya rena. Wannan dukiya da hannu da gatari aka tara ta. Direban da ake biya bisa yawan ekta ba zai tsaya yana kewaye kowane tsiro ba. Abin da aka shekara uku ana tattali, a yini ɗaya zai tafi.

Sannan kara a wurinmu ba shara ba ne. Da shi ake darni, da shi ake girki, shi ne abincin bisashe da bazara. Wanda ya daddatsa karansa duka a watan Nuwamba, a watan Afrilu zai je kasuwa saye. Mai irin wannan buƙata, injin niƙa kara na girke, wanda ake kai masa dami a tsakiyar gari, ya fi masa.

Saboda haka mai ekta biyu ko uku kada ya ci bashi domin wannan inji. Ƙungiyar da take da tarakta da fili mai faɗi, marar ƙananan itatuwa, ita ce za ta iya gwadawa. Ta auna faɗin injin da ƙarfin taraktarta, don babban inji yana gajiyar da ƙaramar tarakta, ya sha gazuwal a banza. Siraran wuƙaƙe na ciyawa ne. Karan dawa sai masu kauri irin na guduma. Rairayin jigawa yana cin ƙarfe da sauri, don haka a tambayi mai sayarwa tun kafin ciniki: ana samun wuƙaƙe da bel a Damagaram, ko sai an je Kano?

Saura maganar lafiya. Injin yana harba tsakuwa da guntun itace, sai a nisantar da yara da masu kallo. Kada a yi aiki da sandar da ba ta da murfi. Tana kama babbar riga ko bakin rawani ta naɗe mutum kafin ya yi ihu. Idan wani abu ya maƙale, a kashe tarakta, a zare makulli, a jira ganga ta tsaya cik kafin a sa hannu.