Filin Manoma: Dashen mangwaro da lemu a bakin garka

Kowace shekara, ran 3 ga watan Agusta, ƙasar Nijar na bukin samun ƴancin kai tare da ranar dashen itace. Ana raba ƴaƴan itatuwa cikin leda, ana dasawa, ana tafi. Amma in rani ya tsala, da yawa daga cikinsu kan zama ƙirare. Akasari ba laifin iri ba ne, laifin dashe ne. Kuma mai garka da ya sayi mangwaro mai aure da kuɗinsa, asarar ɗaya ma tana yi masa ciwo.

Masu garake na gulbin Maradi, da na Mirriya, da na Gaya sun san cewa aikin yana farawa tun itacen bai iso ba. Ana gina rami mai faɗi da zurfin santimetir 60 zuwa 80, sati 2 ko 3 kafin dashe. Ƙasar sama a aje ta gefe guda, ta ƙasa a wani gefen. Ta saman ce ake gaurayawa da takin da ya riga ya ruɓe, a maida cikin ramin. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana kuma kiran gara.

Wanda ke dashe a bakin garka ya tuna da cewa ɗan itacen nan zai girma. Mangwaro na son metir 8 zuwa 10 tsakaninsa da ɗan uwansa, lemu metir 6 ko 7, gwaba kamar metir 5. A ja da shi nesa da darni, don kada inuwarsa ta faɗa gonar maƙwabci, ta jawo husuma nan gaba.

Lokaci mafi kyau shi ne sa'ad da damana ta zauna, cikin watan Yuli, domin saiwa ta samu wata 2 na laima kafin ruwa ya ɗauke. Dashen marece ya fi na hantsi. A shayar da itacen tun jajibiri, don ƙasar cikin leda ta kama jikinta. Sa'an nan a yanke gindin ledar da wuƙa mai kaifi, a datse saiwar da ta nannaɗe, a tsaga ledar, a cire ta gaba ɗaya. Leda ba ta ruɓewa a ƙasa. In an bar ta, saiwa na ta kewaya ciki har itacen ya tsumbure.

Kada a binne itacen fiye da yadda yake a leda. Wurin auren ya tsaya sarari, sama da ƙasa. Lemu musamman, in ruwa na kwanciya a wuyansa, sai ya kama ciwon da ke sa ɓawo zubar da ƙaro, daga nan sai bushewa. A taka ƙasar a hankali, a yi mata ɗan kwari kewaye, a zuba ruwa bokiti guda nan take.

Sauran aikin tsaro ne. Awaki na iya cinye wahalar shekara a yini ɗaya, don haka a kewaye shi da ƙaya. A shimfiɗa ciyawa a gindi, amma kada ta taɓa jikin itacen saboda gara. Duk tohon da ya fito ƙasa da wurin aure a cire shi. Da rani kuma a riƙa ban ruwa sau 2 ko 3 a sati.

Mangwaro mai aure da ya samu wannan kulawa yakan fara ƴaƴa cikin shekara 3 ko 4.