Amurka: Ɗan shekara 14 na tuƙi a Iowa, sa'ansa na jira a New Jersey

Tun daga ranar 1 ga Yulin 2024, yaro mai shekara 14 da rabi a jihar Iowa ta Amurka na iya tuƙa mota shi kaɗai zuwa makaranta ko wurin aiki, muddin tafiyar ba ta wuce mil 25 ba, wato kimanin kilomita 40. Izinin zuwa makaranta daɗaɗɗe ne. Wurin aiki shi ne abin da dokar da Gwamna Kim Reynolds ta sanya wa hannu ta ƙara. Sa'ansa da ke New Jersey kuwa ba zai sami takardar koyon tuƙi ba sai ya cika 16, ba kuma zai fita shi kaɗai ba sai ya kai 17.

Tushen wannan bambanci shi ne lasisin tuƙi hurumin jihohi ne a Amurka, kowace da dokarta. Jihohin da ke barin yaro ya fara koyo yana ɗan 14, irin su Kansas, Alaska da Dakota ta Kudu, yankuna ne masu faɗi da ƙarancin jama'a, inda makaranta ke nesa, motar haya ta yi wuya, iyali kuma ke buƙatar hannun kowa a aiki. Kansas ma na da izini na musamman domin 'ya'yan manoma. New Jersey ita ce jihar da ta fi kowace cunkoson jama'a, kuma tun 2010 take tilasta wa sababbin direbobi matasa manna jan tambari a lambar mota domin 'yan sanda su gane su.

Hujjar nisa tana da ƙarfi, amma ba ta isa ta bayyana matakin Iowa ba. Dokar tuƙin ta zo ne shekara guda bayan majalisar jihar ta sassauta dokokin aikin yara a 2023, lokacin da masu shaguna da gidajen abinci ke kukan ƙarancin ma'aikata. Yaron da aka ƙara wa sa'o'in aiki dole ya sami hanyar isa wurin aikin, sai aka miƙa masa makullin mota. Buƙatar kasuwa ce ta ja dokar, lissafin haɗari ya biyo baya.

Lissafin kuwa sananne ne. Alƙaluman hukumomin Amurka sun nuna cewa a kowane mil da aka tuƙa, direbobi 'yan 16 zuwa 19 na shiga haɗarin da ake rasa rai kusan ninki uku na waɗanda suka kai 20 zuwa sama. Shi ya sa jihohi suka rungumi lasisi mai hawa-hawa, wanda Florida ta fara a 1996: koyo tare da babba, sannan tuƙi da sharaɗin dare da adadin fasinja, kafin cikakken lasisi.

Sai dai masu neman a ɗaga shekarun ma ba su da cikakkiyar amsa. Wani nazari da mujallar likitoci ta JAMA ta wallafa a 2011 ya gano cewa tsauraran dokoki sun rage munanan haɗurra a tsakanin 'yan 16, amma sun ƙaru a tsakanin 'yan 18. Ana ganin wasu matasa na jira ne su cika 18, shekarar da yawancin jihohi ke ɗage sharuɗɗan, su hau titi ba tare da horo ba.

Gwamnatin tarayya na da sandar da za ta daidaita jihohin idan ta so. A 1984 ta yi barazanar zaftare kuɗin gina manyan hanyoyi ga duk jihar da ba ta mayar da shekarun sayen barasa 21 ba. Dakota ta Kudu ta kai ƙara, Kotun Ƙoli ta mara wa tarayya baya a 1987. Washington ba ta taɓa ɗaga wannan sanda kan shekarun tuƙi ba, kuma da wuya ta yi, ganin cewa kowace jihar noma na da sanatoci biyu, daidai da New Jersey.