Rumbun gida ba ɓoye kaya ba ne, ku daina haɗa mu da 'yan sito

Asabar ɗin da ta wuce na je Doguwa wajen wani ɗan'uwana, na dawo da buhu huɗu na masara da ɗaya na wake. Ana cikin saukewa sai wani maƙwabcina ya ce, "Au, Malam, kai ma ka shiga sahun masu ɓoye abinci?" Aka yi dariya. Ni ban yi ba, domin ba yau na fara jin wannan magana ba, har daga bakin masu ilimi.

Jama'a, mu yi wa juna adalci. Mu tara ne a gidana. Buhu huɗu ba zai kai mu sabuwar masara ba, sai an haɗa da dabara. Da kuɗin adashen ofis na wata shida na saya. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, wane ma'aikaci ne albashinsa ke kai shi ashirin ga wata? A 2024 hauhawar farashin abinci ta taɓa kashi 40 cikin ɗari, buhun shinkafa ya haura mafi ƙarancin albashin naira 71,000 da aka amince da shi a Kano. Wanda ya ga haka ya zauna yana awon kwano-kwano har watan Agusta, shi ne mutumin kirki, ni kuma azzalumi? Haba!

Kakanninmu da rumbu suka rayu. Malamai kuma sun karantar da mu cewa Manzon Allah (SAW) yakan tanadar wa iyalinsa abincin shekara. Abin da shari'a ta hana shi ne ka kwashe abin da jama'a ke buƙata, ka kulle, kana jiran su galabaita ka sayar. Irin wannan zargin ne ya sa hukumar Muhuyi Magaji Rimin Gado ta rufe wasu manyan sito a yankin Dawanau a Fabrairun 2024. Waɗancan da tirela ake maganarsu, ni a bayan motar haya na ɗauko nawa.

In kuna neman abin da ya cancanci fushinku, ku tsaya a Kwanar Dangora da kaka ku ƙirga motocin da ke fitowa daga hanyar Tudun Wada da Doguwa. Masara da shanshara ne ke fita, kuma yawanci ba don manomin ya so ba. Tun da damina ya ci bashin taki da maganin feshi, da sharaɗin zai biya da hatsi in an girbe, a farashin kaka, lokacin da kaya ba su da daraja. Ya biya bashi, ya aurar da 'ya, ya gyara rufin ɗaki, shi ke nan. Kafin watan Yuli, mutumin da ya noma buhu talatin yana kasuwa da kwano a hannu, yana sayen masarar da wataƙila daga gonarsa ta fito, a kan kuɗin da ba zai taɓa samu ba lokacin da ya sayar. Wannan ɗan'uwan nawa haka ta faru da shi bara. Bana da na je, roƙonsa na yi ya bar ko buhu goma a gida, na sayi huɗun nan sama da farashin kasuwa don ya rufe sauran bashin.

Sai maganar lambun gida. Uwargidan shugaban ƙasa ta fito da gasar kowane gida ya yi lambu, mutane suka yi ta tsaki. Na fahimce su. Tun 1976 Obasanjo ya ce kowa ya noma abin da zai ci, ga mu nan dai. Zogale ba ya zama tuwo, kuma kada wani mai mulki ya ɓuya a bayan alayyahu ya manta da farashin taki. Amma tsaki ma ba ya zama miya. A bayan ɗakina akwai tsofaffin buhunan siminti goma sha biyu da na cika da ƙasa da takin awaki: yakuwa, kuɓewa, attaruhu, da zogale biyu a jikin katanga. Ruwan alwala da na ɗaurayar kwanuka muke zuba musu, don a wajen 'yan garuwa nake saye, ni da nake ƙaramar hukuma ɗaya da madatsar Tiga, wadda tun 1974 take shayar da Kadawa da Kura. Tumatir dai ya ƙi ni, tsutsa ta cinye. Amma kuɗin cefane ya ragu, uwargida shaida ce.

Ga shugabannin ƙananan hukumomin Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa, da ɗan majalisarmu: maimakon rabon taliya a gaban kyamara, me zai hana a buɗe ma'ajiyar hatsi a kowace mazaɓa, manomi ya ajiye buhunsa, a ba shi rance a kai, ya sayar lokacin da ya ga dama? In akwai wanda ya taɓa kawo wannan a zaman majalisarsa, ya faɗa mini a nan, zan nemi afuwarsa a bainar jama'a.

Maƙwabcina kuwa, jiya ya aiko yaro a tsinko masa yakuwa. An ba shi.