Diyyar Malalar Mai: Ina Rabon Ƙaramin Ma'aikaci?

Ranar 20 ga watan Afrilu na 2010 ne dandalin haƙar mai na Deepwater Horizon, wanda ke yi wa kamfanin BP aiki a Tekun Meksiko, ya yi bindiga ya hallaka ma'aikata 11. Mai ya yi ta malala har kwana 87, ya ɓata gaɓar teku a wasu Jihohin Amurka, ciki har da Luwiziyana da Alabama da Fulorida. Abin kuwa ya zo daidai da lokacin zafi, sa'ad da 'yan yawon shaƙatawa ke tururuwa zuwa bakin teku. Saboda haka otal-otal da gidajen abinci suka rasa baƙi, har ma a wuraren da man bai kai ba, domin labari kaɗai ya isa ya kori mutane.

A da, shari'ar teku ta Amurka ba ta yarda a biya wanda ya yi asarar ciniki kurum ba, muddin ba a ɓata masa dukiya ba. Dokar 1990, wadda aka kafa bayan hatsarin jirgin Exxon Valdez a Alaska cikin 1989, ita ce ta buɗe wannan ƙofa. BP ya ware dala miliyan dubu 20, aka kuma ɗora wa wani lauya, Kenneth Feinberg, nauyin rabon diyya. Ofishinsa ya biya fiye da dala miliyan dubu 6 ga masu nema sama da 220,000.

To, amma yawan kuɗi ba shi ne adalci ba. Mai otal yana da akanta da lauya da takardun haraji, yana iya nuna asararsa dalla-dalla. Mai kai abinci tebur da mai sharar ɗakuna kuwa, aikin da yawansu na lokaci-lokaci ne, wasu ma rabonsu yana cikin tukuicin da baƙi ke bayarwa hannu da hannu. Ke nan wanda ya fi shan wahala shi ne ya fi ƙarancin hujja.

A watan Disamba na 2010 aka fito da biyan gaggawa: wanda ya riga ya sami tallafin farko yana iya karɓar dala 5,000 ba tare da ƙarin takarda ba, amma sai ya sa hannu ba zai kai ƙara ba har abada. Mutumin da kuɗin haya ya sa gaba ba shi da ƙarfin jira, gani yake da babu gara ba daɗi, alhali a lokacin ba wanda ya san ranar da baƙi za su komo.

A 2012 kotun tarayya da ke New Orleans ta karɓi ragamar biyan. Sabon tsarin ya kasa yankin bisa kusancinsa da teku, ya sauƙaƙa wa na bakin gaɓa neman hujja, ya kuma karɓi rantsuwa a rubuce daga ma'aikacin da ba shi da takardar albashi.

Wannan gyara ya zo ne bayan kusan shekara 2, mutane da dama sun riga sun sa hannu. Lalle ne duk ƙasar da ke haƙo mai kusa da gaɓarta ta tsara irin wannan ƙa'ida tun masifa ba ta auku ba, ta kuma hana a karɓi haƙƙin kai ƙara daga hannun ma'aikaci kafin a san iyakar asararsa.